Zaɓen gwaji ko majalisar gwaji: wanne za a shirya wa ɗalibai?

Duk sa'ad da guguwar zaɓe ta fara kaɗawa, malaman da ke riƙe da ƙungiyoyin ɗalibai a makarantun sakandare na Katsina da Daura sukan shiga shawara iri guda. Yara sun cika da zancen siyasa. Shi ne a aji kafin malami ya shigo, shi ne a bakin famfo, shi ne a hanyar Islamiyya. Yaron da ba zai iya kawo maka sunan ƙananan hukumomi goma cikin 34 na jiharmu ba, zai zayyana maka wanda ya sauya sheƙa jiya da dalilin sauyawarsa. Sai malami mai kishi ya ce, tunda abin ya riga ya shiga ransu, bari mu mayar da shi karatu. A nan ra'ayi yake rabuwa. Wasu su ce a shirya zaɓen gwaji, da jam'iyyu da 'yan takara da akwati. Wasu su ce a kafa majalisar gwaji, da kakaki da sanda da ƙudurorin doka.

Na ga an yi kowanne, na kuma sa hannu a cikinsu, kuma ba zan ɓoye inda na karkata ba. Ga yawancin makarantunmu majalisa ta fi zaɓe sauƙin riƙewa, ta kuma fi shi tsare mutuncin yaro. Amma ita ma tana da nata haɗarin, wanda a Katsinar yau ya wuce yadda mutane ke zato.

Kwaikwayon mulki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A kalankuwar da samarin karkara kan yi bayan an kawar da amfanin gona, akan naɗa sarki da alƙali da 'yan doka, a gurfanar da mai laifi, a ci shi tara, kowa na dariya. Sai dai kalankuwa tana da abu biyu da suka tsare ta: a dandali ake yin ta, gari na kallo, kuma kowa ya san ranar da za a tashi. Da waɗannan biyun nake auna duk wani wasan siyasa da za a ba yara. A idon manya zai gudana? Yana da lokacin tashi?

Bari in fara da ba zaɓen gwaji haƙƙinsa, domin yana da shi. Cikin ɗaruruwan yaran da ke tsayawa layi a taron safe, ƙalilan ne za su taɓa zama a kujerar majalisa, amma kowannensu, in Allah ya ja kwana, zai riƙe takardar ƙuri'a. Ɗalibin aji shida mai shekara 17 a bana, baɗi ya isa yin rajista. Zaɓen gwaji yana koya masa abin da allo ba ya koyarwa: neman sunansa a jerin masu zaɓe, dangwalawa a cikin gida ɗaya na takardar ƙuri'a, tsayawa har a ƙirga a bainar jama'a, da ganin wakilan 'yan takara sun sa hannu a takardar sakamako kafin a manna ta a bango. Na taɓa tsayawa kusa da akwati, kwalin taliya ne aka naɗe da farar takarda aka tsaga masa baki da reza, ina kallon wata 'yar aji ɗaya tana hura takardarta don tawadar ta bushe kafin ta ninke, saboda an gaya mata in ta shafi wani gida ƙuri'ar ta lalace. Wannan yarinyar ba za ta ɓata ƙuri'arta ba ranar da ta girma. Ga shi kuma kowa yana da rabo a wasan, mai baki da marar baki.

Matsalar ita ce zaɓe ba ranar zaɓe ba ne kaɗai. Yinin jefa ƙuri'a yana gaban malamai, amma makonnin yaƙin neman zaɓe suna gudana a inda babu malami: bayan ajujuwa, wurin masu awara, hanyar komawa gida, da cikin waya bayan isha'i.

Abu na farko da ke kunno kai shi ne kuɗi. Ɗan mai hali zai je shagon buga takardu a yi masa fosta mai kala da hotonsa, ya zo da ledar alewa, ya saya wa abokai ruwan leda. Yaran ba su ƙirƙiro wannan ba, sun ga taliya da sabulu da atamfa suna shiga gidajensu daren jajibirin zaɓe. Yaron da ya fi kowa kaifin tunani a ajin, wanda ko kuɗin tara ba kullum ake ba shi ba, zai duba aljihunsa ya janye tun kafin a fara. Malami ya shirya wasan don ya koyar da cancanta, sai yara su tashi da darasin cewa mai kuɗi ke ci. Ana iya hana fosta da rabon kaya, a ce kowane ɗan takara takarda ɗaya zai rubuta da hannu a manna a allon sanarwa, sannan a ba shi minti biyar a taron safe. Amma kafa dokar daban, samun wanda zai tsare ta a wurin mai awara daban.

Na biyu sunan jam'iyya. A nan ba ni da sassauci ko kaɗan: kada a yi amfani da sunan jam'iyyar gaske, ko alamarta, ko launinta. Jihar nan ta fitar da zaɓaɓɓun shugabannin ƙasa biyu daga jam'iyyu biyu, Umaru Musa 'Yar'aduwa a PDP a 2007, da Muhammadu Buhari a APC a 2015, kuma da wuya ka sami gidan da ba shi da ɓangare. In ka miƙa wa yaro tsintsiya ko lema, ba manufa zai kare ba, mutuncin mahaifinsa zai kare, kuma abin da ya ji ana faɗa a zauren gidansu game da ɗaya ɓangaren shi zai kwaso ya zube a filin makaranta. Dattawan da suka ga zamanin NEPU da NPC har yanzu suna ba da labarin yadda siyasa ta raba zumunci. A raɗa wa jam'iyyun sunayen itatuwa, Tsamiya da Kuka, a raba yaran ta hanyar ɗaukar takarda a hula, ba don son rai ba.

Ko an yi haka, yara za su nemi layin da za su rabu a kai. 'Yan Ƙofar Ƙaura su zaɓi nasu, 'yan Rafindadi su zaɓi nasu. 'Yan birni gefe guda, waɗanda suka zo daga ƙauye gefe guda. Wani lokaci a ji ana raɗa cewa wane ɗan Izala ne, wane ɗan ɗariƙa ne, ko a ce ba za a zaɓi wance ba don ba Musulma ba ce. Dokar Zaɓe ta 2022 ta haramta wa manya kansu yaƙin neman zaɓe da kalaman da ke taɓa addini ko ƙabila ko ɓangare, kuma yana da kyau a karanta wa yara wannan a fili. Akwai kuma dabara a cikin kundin tsarin mulkin 1999 da take aiki sosai a makaranta. Sashe na 179 ya ce ba a zama gwamna da yawan ƙuri'a kaɗai, sai an sami kashi ɗaya bisa huɗu a aƙalla biyu bisa uku na ƙananan hukumomin jiha. A mayar da ajujuwa ƙananan hukumomi. Nan take ɗan takara zai gane cewa 'yan unguwarsu ba za su ishe shi ba, dole ya je ya roƙi ajin da ba shi da kowa. A tabbata dai adadin ajujuwan yana rabuwa uku daidai, domin a 1979 lissafin biyu bisa uku na jihohi 19 sai da ya kai Shehu Shagari da Obafemi Awolowo gaban Kotun Ƙoli.

Inda zaɓe ya fi ba ni tsoro shi ne kan 'yan mata. Takara tana bukatar yarinya ta fito, a san sunanta, a san fuskarta, a yi ta zancenta har tsawon makonni. Abokin hamayya namiji da ya rasa hujja ya san makamin da ya fi kowane saurin kayar da mace a garin nan, wato a taɓa tarbiyyarta. Kalma ɗaya ta ƙazafi da aka rubuta a bangon ban ɗaki tana iya bin yarinya har ranar da aka zo neman aurenta. Na ga wani uba ya shigo ofishin malamai riƙe da fostar da ya yago daga bango, bai ɗaga murya ba, ya ce: "Malam, karatu na kawo ɗiyata. Wa ya ba da izinin manna hotonta inda duk mai wucewa zai ɗauka a waya?" Babu wanda ya iya ba shi amsa, kuma gaskiyarsa ce. Washegari yarinyar ta janye, kuma har ta gama makarantar ba ta ƙara ɗaga hannu a taro ba.

Sai wanda ya faɗi. Babban mutum ma yakan kwanta ciwo in ya sha kaye, balle ɗan shekara 14 da aka karanta wa makaranta duka cewa ƙuri'a bakwai ya samu. A sanar da wanda ya ci da na biyu, sauran a nuna musu sakamakonsu su kaɗai. Kada kuma a yarda da ƙato bayan ƙato don wai ya fi sauƙi ko ya fi arha. An yi shi a ƙasar nan zamanin Babangida, mutane na yin layi bayan hoton ɗan takara, amma a makaranta ma'anarsa ita ce ɗan aji ɗaya ya tsaya a fili ya nuna wa ɗan aji shida cewa bai zaɓe shi ba, alhali hanya ɗaya za su bi zuwa gida. A makarantar kwana kuwa ɗaki ɗaya za su kwana.

Akwai baƙon da zaɓen gwaji yake jawowa wanda majalisa ba ta cika jawowa ba. Da zarar labari ya fita, wani mai neman kansila ko ɗan majalisa zai aiko a ce yana son ya taimaka da riguna da lemo da lasifika, a sa shi uban taro. Wataƙila da zuciya ɗaya ya yi. Amma ba shi kaɗai zai zo ba, zai zo da mai ɗaukar hoto da yaransa, gobe a ga fuskokin ɗalibai a tallarsa. Kuma duk Bakatsine ya san cewa ƙauraye, wato 'yan bangar siyasa, ba daga sama suke faɗowa ba, daga cikin samari masu wannan shekarun ake tsinto su, a fara da hula da kuɗin mai. Ɗalibin da ya nuna ya iya tara jama'a da iya baki a zaɓen makaranta, shi ne daidai wanda ake nema. A yi wa mai tayin godiya cikin girmamawa, a ce masa makaranta ta ɗauki nauyin abinta.

To majalisa fa?

Tsarinta a shirye yake, ba sai an ƙirƙira ba. Majalisar Dokokin Jihar Katsina kujeru 34 gare ta, sai a yi 34, kowane aji ya turo wakilai gwargwadon yawansa, a tabbata 'yan mata sun sami rabonsu. 'Yan majalisar su zaɓi kakaki daga cikinsu, kamar yadda tsarin mulki ya tanada, kuma yana ƙara wa yara ƙarfin gwiwa su ji cewa ɗan jihar nan, Aminu Bello Masari, ya riƙe kujerar Kakakin Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2007. Ƙuduri ya bi matakansa: karatu na ɗaya, karatu na biyu inda ake muhawara, kwamiti, jin ra'ayin jama'a, karatu na uku, sannan a kai wa shugaban makaranta a matsayin gwamna. A wajen gwamnan gaske kwana 30 ne wa'adin sa hannu, in ya ƙi, biyu bisa uku na majalisa na iya zartar da dokar. Wannan na ƙarshen a makaranta sai a bayyana shi a baki kawai, a kuma gaya wa yaran tun farko cewa abin da suka zartar shawara ce. In ba haka ba, ranar da aka ƙi karɓar ƙudurinsu za su ji an yaudare su.

Abin da ya sa majalisa ta fi sauƙin tsaro shi ne komai yana faruwa a ɗaki ɗaya, cikin awa ɗaya, a gaban malami. Ba mai magana sai kakaki ya ba shi dama. Ba mai fuskantar ɗan'uwansa kai tsaye, kowa "Mai girma Kakaki" yake cewa. Ba a kiran suna, sai dai a ce "mai wakiltar aji biyu". Waɗannan ƙa'idojin da suke kama da ado su ne suke rage zafin magana, domin da wuya ka zagi mutum alhali kana kallon wani kana ce masa mai girma. In an raba masu goyon baya da masu suka ta hanyar ɗaukar takarda, yaro yakan kare abin da ba ra'ayinsa ba, gobe ya koma ɗaya ɓangaren, don haka gaba ba ta samun wurin zama. Sannan ga sandar majalisa. Ko da muciya ce aka naɗe da takarda mai ƙyalli, a kafa doka cewa in babu ita a kan tebur babu majalisa, babu kakaki, babu mai rinjaye. Da an tashi, malami ya ɗauke ta ya kulle a ofis, kowa ya koma ɗalibi. A riƙe ta da kyau dai, domin yara sun ji labarin ranar da aka kutsa zauren Majalisar Dattawa a Afrilun 2018 aka sure sandar, kuma ba za a rasa mai sha'awar gwadawa ba.

Zaɓe ba shi da irin wannan sandar. Wanda ya ci "gwamna" yana yawo da sunan har ƙarshen shekara, ya naɗa kwamishinoni daga abokansa, ya fara karo da firifet, wani ma ya fara sa ƙanana ɗaukar masa jaka. Duk inda wasa ya ba yaro ikon hukunta yaro, ko cin tara, ko karɓar kuɗi, ya daina zama wasa.

Raunin majalisa na fili shi ne mutum 34 ke magana, sauran na hamma. Masu baki su mamaye, mai kunya ya shekara bai ce uffan ba. In kuma aka ce dole da Turanci, to an mayar da ita gasar 'ya'yan da suka yi firamare mai tsada. Sashe na 97 na tsarin mulki ya yarda majalisar jiha ta gudanar da aikinta da wani harshe na jihar bayan Turanci in ta amince da hakan, saboda haka babu dalilin hana Hausa a majalisar yara. A riƙa sauya wakilai kowane zango, a buɗe zaman jin ra'ayin jama'a ga kowa, a ba wasu aikin akawu, wasu aikin 'yan jarida masu rubuta rahoto a allon sanarwa. Duk da haka ba za ta taɓa kai zaɓe armashi ba, wannan gaskiya ce.

Haɗarinta na ɓoye yana cikin abin da aka sa a gaba. Malami zai so muhawara mai zafi, kuma babu abin da ya fi zafi a jihar nan kamar maganar tsaro. Sai a kawo ƙuduri: a yi sulhu da 'yan bindiga ko a ci gaba da yaƙarsu? A takarda tambaya ce mai kyau, manya ma sun rabu a kanta. Amma a duba waɗanda ke zaune a kan bencin. A ajujuwan birnin Katsina akwai yaran da iyayensu suka gudo daga Batsari da Jibiya da Safana. Akwai wanda aka sayar da gonarsu aka biya kuɗin fansa. Akwai wanda yayansa na cikin ɗalibai sama da 300 da aka kwashe daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020. Akwai kuma ɗan Fulani da bai taɓa riƙe komai ba sai sandar kiwo da biro, wanda su ma an kore musu shanu. A wata makaranta da aka gayyace ni kallo, an kawo wannan ƙudurin. Wani yaro da takarda ta ba shi ɓangaren sulhu ya tashi yana jero hujjojinsa da kyau, sai na hangi wani a layi na biyu ya kifa kansa a kan benci, kafaɗunsa na rawa. Daga baya aka ce min mahaifinsa bai cika shekara da rasuwa a hanyar ƙauyensu ba. Kafin a ankara wani ya miƙe ya ambaci ƙabila, sai idanu suka juya kan yara biyu da ke zaune a gefe. Kakakin ɗan shekara 16 ne, yana ta buga tebur, amma wannan ba nauyin da zai iya ɗauka ba ne.

Shi ya sa nake cewa jerin ƙudurori aikin manya ne, kuma malamin da ya san tarihin yaran shi ya kamata ya tace shi. Tsaro, aƙida, ƙabila, da sunan duk wani mai mulki ko malamin addini ko basarake da ke raye, a bar su waje. Ba don yara ba su da hankalin tattauna su ba, sai don wannan maganar tana bukatar zama na daban da babba ke jagoranta, ba wasan da ake neman wanda ya kayar da wani ba. Abin muhawara bai ƙare ba: ban ɗakin makaranta, ruwan sha, ledar da ta toshe magudanai, tallar da ke hana 'yan mata zuwa aji ranar kasuwa, dashen itatuwa, lokacin tashi da zafin Afrilu. A kan waɗannan yara sun fi mu sani, kuma shugaban makaranta zai iya aiwatar da wani abu su gani da idonsu.

Waya ta shafi duka biyun, amma ta hanya daban. A zaɓe, 'yan takara za su buɗe zauren WhatsApp na magoya baya, kuma duk wanda ke ciki yana ganin lambar kowa, har da ta 'yan mata, har da yayan wani da ya gama makaranta tuntuni aka jefa shi ciki don ya ba da shawara. A majalisa kuwa, abin tsoro bidiyo ne. Yaro ya faɗi magana don takarda ta ba shi wannan ɓangaren, wani ya yanko daƙiƙa talatin ya watsa, wanda ya gani a TikTok bai san wasa ake yi ba. Magana zarar bunu ce. Mun ga yadda saƙon murya a zauren 'yan aji ya ƙare da kisan ɗaliba a Sakkwato a Mayun 2022, mun kuma ga an kama ɗalibin jami'a daga Dutse a Nuwambar shekarar aka gurfanar da shi a Abuja kan rubutu ɗaya a Twitter game da matar shugaban ƙasa, kafin a janye ƙarar. Bambancin shi ne na majalisa yana da magani mai sauƙi: kwando a bakin ƙofa, kowa ya ajiye wayarsa, har da malamai da baƙi. Na zaɓe ba shi da kwando. Makarantar ita ma ta kame hannunta daga watsa hotunan yara don talla, domin Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta neman amincewar iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro.

Wasu ƙa'idojin ba sa canzawa ko wanne aka zaɓa. Babba ɗaya ba ya keɓewa da yaro don bita, ko a ofis ko a gida ko a waya. In akwai 'yan mata, dole akwai malama a wurin daga farko har ƙarshe. A tashi kafin la'asar, don Islamiyya da kuma hanya. A aika wa iyaye takarda da Hausa tun kafin a fara. A ware wani malami ko malama, wanda ba shi ya shirya wasan ba, da yaro zai iya kai wa kuka a asirce. Jihar Katsina tana da Dokar Kare Yara tun zamanin Gwamna Masari, amma kafin doka akwai amanar da uba ya damƙa mana a bakin ƙofa.

Akan kawo shawara ta uku, wato a kwaikwayi fada maimakon siyasar jam'iyya, a naɗa sarki da Galadima da Ƙaura da Durɓi. Tana da kyau wajen koyar da tarihi, musamman a Daura inda yara ke wucewa ta rijiyar Kusugu. Amma sarautun nan suna da masu su a raye, da iyalansu a cikin ajin, kuma rawani a kan ɗalibi mai ba'a yana iya zama ƙara a gaban hakimi. In za a yi, a yi shi wasan kwaikwayo rubutacce na yini ɗaya.

Ƙungiyoyin unguwa da ke haɗa ɗan shekara 15 da ɗan 25 a wasa guda, su raba su. Manyan ba su ma bukatar gwaji. Tun da Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki a Mayun 2018, mai shekara 25 yana iya tsayawa takarar majalisar jiha ko ta wakilai. Su je su yi ta gaske, su bar wa ƙannensu wasan a hannun malamai.

Saboda haka, malamin da yake shi kaɗai ko su biyu, ko yake da 'yan ƙaramar sakandare, ko makarantarsa ta haɗa maza da mata, ko take da yaran da rikici ya koro, ya kafa majalisa. In yana son yaran su ɗanɗana akwati, zaɓen kakaki a asirce tsakanin mutum 34 ya isa, a yini ɗaya an gama. Zaɓen makaranta duka sai inda shugaban makaranta ya tsaya da kansa, kowane aji yana da malamin da ya yarda ya sa ido, aka taƙaita yaƙin neman zaɓe zuwa mako ɗaya, takara ta tsaya a kan 'yan aji biyar, kuma wanda ya ci aikinsa ɗaya ne mai wa'adi, kamar jagorantar dashen itatuwa na zangon. Ko an cika waɗannan duka, kada a yi shi a watannin da manya ke nasu yaƙin, lokacin da fosta ta rufe katangar makaranta kuma motocin lasifika ke wucewa ta bakin taga. Ga masu kallon zaɓen 2027, zangon farko bayan an rantsar da waɗanda suka ci, daga Satumba zuwa Disamba, shi ya fi dacewa. Kafin nan ana iya yin zango biyu ko uku na majalisa, yaran su saba da jiran izinin kakaki.